Kwamfutar Cinya: A Bar Hannu Ya Zaɓa

Ina gaida ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, na birni da na ƙauye. Ina gaida na Maraɗi, da na Tibiri, da na Jiratawa, da duk inda muryar nan ta kai. Ku gyara zama. Ku jawo takarda da fensir kusa, gama akwai abin da za mu rubuta tare.

Yau zancenmu a kan kwamfuta ne, ƙaramar nan da ake buɗewa ana rufewa kamar littafi, a sa ta a jaka a tafi. Masu Faransanci suna ce mata ordinata. Ƴan uwanmu na Najeriya suna ce mata laftof. Mu a nan za mu kira ta kwamfutar cinya.

Wani zai ce: Malam, mu da muka fara haɗa baƙi da wasali bara, ina ruwanmu da kwamfuta? To, da ruwanmu. Sakataren ƙungiyar manoman rani a Jiratawa yana rubuta sunayen mutane, da kuɗin ruwa, da bashin taki. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a yankin Maraɗi a shekarar 1991, suna da lissafin zubi da na rance. Ɗan kasuwa yana da lissafin kaya. Wani kuma ɗansa ko ɗiyarsa ce ta shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ta dawo gida ta ce: Baba, sai da kwamfuta. Yau da gobe, ɗayanmu zai tsaya gaban mai shago da kuɗi a aljihu. Kuɗin nan kuwa ba kaɗan ba ne. Wani sai ya sayar da akuya biyu ko uku, wani sai ya taɓa gyaɗar da ya ajiye. Abin da aka saya da irin wannan kuɗi bai kamata ya koma kayan ado a kan tebur ba.

HANNU NE MAI AIKI

Ku dubi manomi in ya je sayen hauya. Ba ya tsayawa daga nesa ya ce a ba shi waccan mai sheƙi. Sai ya ɗauka, ya riƙe ƙotar, ya jinjina, ya sari ƙasa sau biyu sau uku. Ya san da ita zai yini. In ƙota ba ta zauna a hannu ba, kafin azahar kanta ta fito. Tela ma haka yake. Ba ya biyan kuɗin keke sai ya zauna ya taka, ya ɗinka ƙyalle ya gani.

To, kwamfuta ma tana da ƙotarta. Ita ce wurin nan mai baƙaƙe a jere, inda yatsu suke dannawa. Kowane ɗaya sunansa madanni. Dukansu a haɗe, allon madannai ke nan. Mai shago zai yi muku dogon bayani a kan ƙarfin injin da kyan hoto. Ku saurara, ba laifi. Amma mai rubutu, da allon madannai zai yini. Saboda haka abin da nake so ku riƙe yau guda ɗaya ne: kada ku biya kuɗin kwamfuta sai kun zauna kun yi rubutu da ita, da hannunku, da kalmominku.

JERI IRI BIYU

Abu na farko da za ku duba shi ne jerin baƙaƙe. A aji mun koyi a, b, ɓ, c, d. A kan kwamfuta ba haka aka jera su ba. An gaji jerin ne daga keken rubutu na da, irin wanda akawu yake bugawa a ofis. Wani mutumin Amurka mai suna Christopher Sholes ne ya tsara shi, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da keken a shekarar 1874. Daga baya mutanen Faransa suka sauya wa wasu baƙaƙe wuri, suka yi nasu jerin.

Ku rubuta waɗannan a takardarku, da manyan baƙaƙe. Layi na ɗaya: Q, W, E, R, T, Y. Layi na biyu: A, Z, E, R, T, Y. In kun buɗe kwamfuta, ku dubi layin baƙaƙe na sama, daga hannun hagu. In ya fara da Q da W, jerin Ingilishi ne, ana ce masa QWERTY. In ya fara da A da Z, jerin Faransanci ne, ana ce masa AZERTY.

Mu a Maraɗi duka biyun suna zuwa mana. Katsina da Kano suna kusa, hanyar Ɗan Isa da Jibiya kowa ya san ta. Kayan da suka biyo ta can yawanci QWERTY ne. Waɗanda suka fito daga Faransa kuma AZERTY ne. Wani lokaci za ku ga na Jamus, inda Z ya zauna a wurin Y. Akwai kuma na ƙasashen Larabawa, masu baƙaƙen Larabci a gefen na boko. Waɗannan suna da amfani ga malamin da yake rubuta Larabci.

Wanne ya fi? Aikinka ne zai faɗa maka.

In takardun da za ka riƙa bugawa na Faransanci ne, kamar wasiƙa zuwa ofishin magajin gari, ko aikin ɗalibi a jami'a, AZERTY zai fi maka sauƙi. Baƙaƙen nan masu alama, é da è da à da ç, kowanne yana da madanninsa. Amma ka sani, a AZERTY lambobi ba sa fitowa da danni ɗaya. Sai ka riƙe madanni mai kibiya mai kallon sama, sa'an nan ka danna 1 ko 2 ko 3. Ko aya ma haka take. Mai yawan lissafi ya lura da wannan.

In kuwa Hausa za ka fi rubutawa, ga wani abin dubawa. Ku rubuta wannan jimla: Mata masu dubara sun tara gyaɗa a Maraɗi. Kun rubuta? Yanzu ku ƙidaya baƙaƙenta duka. Za ku sami 33. Ku sake ƙidaya a kawai. Za ku sami 12. Kun gani? Babu abin da Bahaushe yake yawan rubutawa kamar a. A QWERTY, a yana layin tsakiya, daidai inda ƙaramin yatsan hagu yake hutawa. A AZERTY yana layin sama, sai yatsa ya riƙa hawa yana sauka. Wanda ya zauna a wurin hutawar kuwa shi ne q, baƙin da ba ma aiki da shi a Hausa.

Duk da haka, da kowanne ana rubuta Hausa, da kowanne ana rubuta Faransanci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka tsaya a kan guda. In a wurin aikinka ko a ajin da kake koyo AZERTY ake da shi, nemi AZERTY. Yatsa yana da sabo kamar jaki da hanyar rijiya. In kana sauya masa hanya kullum, ba zai yi sauri ba.

IN KA DANNA A, Q YA FITO

Ga wata matsala da take karya zuciyar sabon mai karatu. Mutum ya zauna zai rubuta sunansa. Ya nemi A, ya gan shi, ya danna. Sai ga Q a fuskar kwamfuta. Ya goge, ya sake, Q ya sake fitowa. Ya nemi M, sai wata alama ta fito. Sai ya ce a ransa: ashe har yanzu ban iya ba. Ya rufe kwamfuta, ya ji kunyar tambaya.

Ɗan uwa, ƴar uwa, ku ji da kyau. Karatunku lafiya lau yake. Kwamfutar ce aka saita ba daidai ba. Abin da aka zana a kan madanni fenti ne kawai. A ciki ne ake gaya wa kwamfuta jerin da za ta bi. In jikinta AZERTY ne, aka ce mata ta bi QWERTY, dole baƙaƙe su saɓa. Gyaran ba ya ɗaukar minti biyar, kuma ba ya bukatar a kwance komi. A cikin Windows, in an riga an sa jeri biyu, riƙe madanni mai hoton taga tare da dogon madannin ƙasa yana sauya su. Ku sa mai shago ya daidaita muku tun a gabanku.

Ku kuma shafa madannan da yatsa. Wasu ana liƙa musu ƴan takardu masu baƙaƙe don a mai da QWERTY ya koma AZERTY. Ba haramun ba ne, amma ya kamata a gaya muku. Zafi da gumi suna ɓamɓare su, wata rana ka ga A a sama, Q a ƙasa.

BAƘAƘE MASU LANƘWASA

Abu na biyu shi ne baƙaƙenmu guda huɗu: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ko a QWERTY ko a AZERTY, ba za ku gan su a zane ba. Waɗanda suka ƙera kwamfuta ba da Hausa suka yi tunani ba. Saboda haka mutane da yawa suna barin lanƙwasar, su ce ai za a gane.

Wani lokaci a gane, wani lokaci a yi ɓarna. Ku rubuta: Gobe za mu je fada. Mutumin Tibiri ya san wannan, gaisuwa za a kai wa Sarkin Gobir. Yanzu ku lanƙwasa d ɗin: Gobe za mu je faɗa. Kun ji inda zance ya koma? Haka baki da baƙi. Haka kafa da ƙafa. Haka bari da ɓari. Sunan garinmu ma da ɗ ake rubuta shi.

Waɗannan baƙaƙe ba yau aka fara su ba. Tun shekarun 1930 ake buga littattafan Hausa da ɓ da ɗ da ƙ a Zariya. A shekarar 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1999 gwamnatin Nijar ta tsai da ƙa'idar rubutun Hausa. Mu muna rubuta ƴ, a Najeriya kuwa yawanci 'y suke rubutawa, amma furucin ɗaya ne. A 2025 kuma, kundin sabunta ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su ne harsunan aiki. Harshen da aka ba wannan matsayi ya cancanci a rubuta shi daidai.

A zamanin keken rubutu, akawu yakan buga d, in ya gama ya ɗauki alƙalami ya ƙara lanƙwasar da hannu. Yanzu an huta da wannan wahala. A cikin Windows akwai jerin Hausa, sai dai a shiga wurin harsuna a ƙara shi. Ku sani jerin nan a kan QWERTY aka gina shi, don haka mai AZERTY zai ga A da Q sun sauya wuri in ya kunna shi. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna Keyman, wadda aka yi domin harsuna masu baƙaƙe na musamman irin namu. Ba sai kun iya sa su da kanku ba. Ku ce wa mai shago ko mai gyara: ina son baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, ka nuna mini yadda zan fitar da su.

Ga jimlar gwaji. Ku rubuta ta, ku ninke takardar, ku tafi da ita kasuwa: Ƴan ƙungiya sun ɓare gyaɗa. Duka huɗun suna ciki. In kun buga ta ta fito daidai, an gama wannan. Ku ƙara da kalmar jama'a, don ku san inda ɗan waƙafin sama yake. A AZERTY yana kan madannin 4. A QWERTY yana hannun dama, a ƙarshen layin tsakiya.

GWAJI A SHAGO

Abu na uku shi ne daɗin dannawa. Ba a cinikin biri a sama. Ku nemi kujera, ku ce a kunna muku, a buɗe wurin rubutu. A Windows na Faransanci sunansa Bloc-notes, a na Ingilishi Notepad. Sa'an nan ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaya, ku danna kowane madanni, layi layi, daga hagu zuwa dama, kuna kallon fuskar kwamfuta. Kada ku tsallake ko guda. Yawancin kwamfutocin da muke iya saye na hannu ne, wani ya riga ya more su. Ku kula da madannin da ba ya fitowa sai an matsa da ƙarfi, da wanda yake fitar da baƙi biyu a danni ɗaya, da wanda yake maƙalewa a ƙasa.

Biyu, ku duba fili. A cikakken allo, daga tsakiyar madanni zuwa tsakiyar na kusa da shi wajen milimita 19 ne, watau ya kusa santimita 2. Ƙananan kwamfutoci masu fuska inci 10 ko 11 sukan matse madannai. Hannun da ya sha noma, ko na maƙeri, ko na matar da ta saba da taɓarya, yatsunsa suna da kauri. In kana nufin baƙi ɗaya kana taɓa biyu, wannan kwamfuta ta yi maka kaɗan. Mai inci 14 takan yi wa yawancin mutane daidai. Mai inci 15 da ɗoriya ta fi nauyi, amma sau da yawa tana da lambobi a ware a hannun dama, kamar na'urar lissafi. Ma'ajin ƙungiya da ɗan kasuwa za su ji daɗin wannan.

Uku, ku ji zurfi. Madanni mai kyau yana nutsewa kaɗan, yatsa ya ji ya kai, sa'an nan ya dawo da kansa. A kwamfutar cinya zurfin nan yakan kama daga milimita 1 zuwa 2. In ya yi kaɗan ƙwarai, kamar kana buga yatsa a kan dutse ne. In kuma ya yi laushi kamar tuwon da ya sha ruwa, ba za ka san ko ka danna ba sai ka ɗaga kai ka duba. Sabon mai koyo yana bukatar wanda yatsa zai ji amsarsa.

Huɗu, ku gwada manyan madannai. Dogon nan na ƙasa shi ne yake raba kalma da kalma. Ku danna shi a tsakiya, ku danna a gefen hagu, ku danna a gefen dama. Ku gwada mai gogewa, gama mai koyo yana yawan komawa gare shi. Ku gwada mai sauka sabon layi, da masu kibiya na manyan baƙaƙe, da wanda aka rubuta wa Alt ko AltGr a dama da dogon madanni. Da shi ake fitar da alamomi da yawa.

Biyar, ku shafa F da J. Za ku ji ɗan tudu a kan kowanne. Ba lalacewa ba ce. An yi su ne don manunin hagu ya zauna a F, na dama ya zauna a J, hannu ya gane wurinsa ba tare da ido ba. In tudun ya shafe, madannai kuma suna sheƙi kamar an shafa musu mai, kwamfutar ta sha aiki. Wannan hujja ce ta neman ragi.

Shida, ku danna tsakiyar allon da ɗan ƙarfi. In yana lotsawa kamar tsohuwar faifai, jikin ba shi da ƙwari. In kuma ya kumbura, ko wurin da ake shafawa da yatsa ya taso, ku bar ta. Sau da yawa batir ne ya kumbura a ciki, kuma yana da hatsari.

Bakwai, ku tambaya ko madannan suna da haske a ƙarƙashinsu. Ba dole ba ne. Amma yawancinmu sai dare muke samun sukunin karatu, wuta kuma takan ɗauke. Mai koyo da idonsa yake neman baƙi, haske zai taimake shi.

Bayan wannan, ku yi rubutu na kamar minti goma. Sunanku, sunan garinku, sunayen ƴaƴanku, gaisuwa zuwa ga wani ɗan uwa. Kada ku ji kunya don kuna bugawa da yatsa ɗaya. Kada ku bari mai shago ya karɓe ya buga muku, gama shi hannunsa ya saba. Kuɗinku ne, lokacinku ne.

ƘURA DA ZAFI DA SHAYI

Ƙasarmu tana da ƙura, musamman da hunturu. Ƙura kuwa abokiyar gabar madannai ce. Ga misali. Daga 2015 zuwa 2019 kamfanin Apple na Amurka ya yi wasu kwamfutoci sirara, masu tsada, da wani sabon irin madanni marar zurfi. Ɗan ƙwayar ƙura in ya shiga ƙarƙashi sai madanni ya maƙale. Mutane suka yi ta kuka, kamfanin ya riƙa gyarawa kyauta, daga baya ya bar irin madannin gaba ɗaya. A 2022 ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 50 ga waɗanda suka kai ƙara. In haka ta faru a ofisoshin Amurka, ku auna da watan Janairu a Maraɗi. Tsada da sirantaka ba su ne ƙwari ba.

Saboda haka ku yi wa mai gyara tambaya ɗaya: in allon nan ya lalace, ana iya cire shi a sa wani? Ana samunsa a nan? Kwamfutocin da aka ƙera don ma'aikata, irin su ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP, da yawa daga cikin tsofaffinsu ana kwance allonsu da ƴan kusoshi kaɗan. ThinkPad ma, wadda kamfanin IBM ya fara a 1992, ta yi suna wajen daɗin dannawa. Ba talla nake yi wa kowa ba. Kowace iri akwai mai lafiya, akwai wadda ta gaji. Gwaji ne zai raba.

In kun kai ta gida, ku rufe ta in ba a aiki, ku sa ta a jaka ko ku lulluɓe da zane mai tsabta. In za ku share, ku kashe ta, ku kifa ta a hankali, ku bi tsakanin madannai da burushi mai laushi. Kada ruwa ya kusance ta. Samari masu zaman shayi, ku nisanta kofi. Shayi mai sukari in ya zuba, madannai sai su manne. Da bazara kuma, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, kada a ɗora ta a kan katifa ko yashi. Tana da ƙofofin shan iska a ƙasa da gefe, in sun toshe sai ta yi zafi ta mutu.

ZAMA DA CINIKI

Ko da sunanta kwamfutar cinya, tebur ya fi mata, ya fi muku. Ku zauna baya a miƙe, kafaɗa a sake, wuyan hannu a miƙe ba a lanƙwashe ba. Ku danna a hankali, ba sussuka ake yi ba. In an jima, ku tashi ku miƙe, ku dubi nesa don ido ya huta.

Wanda ya riga ya sayi kwamfuta, ko aka ba shi kyauta, allonta kuma bai yi masa ba, kada ya damu. Ana sayar da allon madannai shi kaɗai, babba, mai igiya, a soka shi a gefen kwamfuta. Kuɗinsa bai kai na buhun gero ba. Akwai AZERTY, akwai QWERTY. In ƙura ta kashe shi, a sayi wani.

Wajen ciniki, ku tafi da wanda ya sani, ko malamin ajinku, ko ɗalibin jami'a na unguwa. Shi ya duba batir da caja da ƙarfin injin. Ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, gama kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba tun watan Oktoba na 2025. Ya tabbata babu kalmar sirrin wani da ta kulle ta. Amma zancen madannai, kada ku bar wa kowa. Mai rakiya ba da yatsunku zai yi aiki ba.

Ku karɓi takardar shaidar saye, mai sunan shago da lambar kwamfuta da kwanan wata. Ku nemi a rubuta kwanakin da za ku iya mai da ita in ta nuna aibi. Yanzu kun iya karatu, ku karanta takardar da kanku kafin ku miƙa kuɗi. Kayan da aka ce a saya da gaggawa, a bayan shago, babu takarda, ku guje shi. Araha ba ta ado.

Kuma wanda bukatarsa gajeren saƙo ce kawai, wayar hannu ta ishe shi. Kada a sayar da iri don a yi gasa da maƙwabci. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya, kowa ya riƙa koyo a kai.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

Malamai, ga abin da za ku tattauna da ɗalibai a wannan mako.

1. Waɗanne baƙaƙe shida ne suke farkon layin sama a jerin Faransanci? A na Ingilishi fa?
2. In ka danna A sai Q ya fito, me ya faru? Me za ka yi?
3. Ku kawo kalmomi biyar da ma'anarsu take sauyawa in an bar lanƙwasa.
4. Kowa ya ƙirƙiro jimlarsa mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.
5. Ku zana layuka uku na madannai a kan kwali, ku ɗora manuni a F da J, ku gwada buga sunanku.

Wannan na biyar, ku yi shi ko da babu kwamfuta a garinku. Ran da kuka zauna gabanta, yatsunku sun riga sun san gida. Da, mutum yakan kai sirrinsa wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ya biya, ya kuma faɗi abin da ba ya so kowa ya ji. Kun fita daga wannan da fensir. Da kwamfuta ma haka za ku fita, a sannu.

Jama'a, a nan za mu dakata. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya sa albarka a abin da muka saya da guminmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.